Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Lafiya Na Jihar Katsina Kan Allurar Lamba Ga Jaririn Da Mahaifiyarsa Ke Ɗauke Da HIV

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Katsina, da Shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, da Shugaban Hukumar Yaƙi da Cuta Mai Karya Garkuwar Jiki, da masu kula da shirin yaƙi da tarin fuka na jiha.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan ɗakin haihuwa ne da na teburin rigakafi da na sashen yara a Katsina da Daura. Babbar buƙatarmu ita ce a fitar da takardar umarni mai shafi guda, da Hausa da Turanci, a manna ta a kowane ɗakin haihuwa da kowane wurin rigakafi a ƙananan hukumomi 34, ta faɗi ƙarara abin da za a yi da allurar BCG, wato allurar lamba ta rigakafin tarin fuka, idan mahaifiyar jariri tana ɗauke da HIV. A halin da ake ciki kowa da fahimtarsa. Wani ma'aikaci da zarar ya ji labarin uwa sai ya ajiye sirinji, ya ce a dawo bayan an gwada yaro. Wani kuma ya yi allurar ya sallami maijego, daga nan babu wanda ya sake tambayar ko an ɗauki jinin jaririn. Kowanne cikin biyun yana iya cin ran yaro.

Tsoron da ke sa a ajiye sirinji yana da tushe. BCG ƙwayar cuta ce mai rai, daga dangin tarin fuka na shanu, wadda Albert Calmette da Camille Guérin suka raunana a Faransa, aka fara ba ɗan Adam a 1921. A jikin yaro mai garkuwa takan tsaya a inda aka sa ta, jiki ya koyi faɗa da ita, shi ke nan. A jikin jaririn da HIV ya riga ya kama kuwa, tana iya bin jini ta shiga hanta da saifa da ƙashi da huhu. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya ƙiyasta cewa hakan na samun kusan jariri ɗaya cikin ɗari na masu HIV da aka yi wa allurar, a zamanin da ba a fara wa jarirai magani da wuri, kuma mafi yawan waɗanda ƙwayar ta bazu a jikinsu ba su rayu ba. Shi ya sa a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi wa yaron da aka tabbatar yana da HIV, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau. Da yawa cikin masu aiki yau da wannan darasi aka yaye su. Sai dai daga baki zuwa baki hukuncin ya faɗaɗa, abin da aka faɗa a kan yaron da gwaji ya tabbatar ya koma ana zartar da shi a kan duk ɗan da mai cutar ta haifa.

A duba lissafin. Idan ba a yi komai ba, tsakanin 15 zuwa 45 cikin jarirai ɗari ne ke ɗaukar HIV daga uwa, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Idan uwa na shan maganinta yadda ya kamata, jariri ma aka ba shi nasa, adadin yana sauka ƙasa da biyar. Ke nan fiye da 95 cikin ɗari ba su da cutar. Kuma su ne yaran da suka fi kowa buƙatar lamba, domin mai HIV ya fi wanda ba shi da ita yiwuwar kamuwa da tarin fuka fiye da sau goma, yaron kuma a ɗaki ɗaya yake kwana da uwarsa, wataƙila uban ma yana ɗauke da HIV. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Jariri idan ya shaƙi ƙwayar tana iya wuce huhu, ta haura ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau, ko ta watsu ko'ina a jiki. Waɗannan biyun BCG ke karewa, kusan bakwai cikin goma. Ba ta da ƙarfi sosai a kan tarin huhu na manya, kuma bai kamata mu yi wa iyaye alƙawarin abin da allurar ba ta yi, amma a shekarun farko na rayuwa babu abin da ya maye gurbinta har yau.

A watan Fabrairun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fitar da matsaya, kuma ita muke so a juya zuwa harshen da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai karanta a tsaye. Jaririn da ba a san matsayin uwarsa ba, a yi masa. Jaririn da uwarsa ke da HIV, shi ba a san nasa matsayin ba tukuna, kuma babu alamar cutar a jikinsa, a yi masa, ko uwar na shan magani ko ba ta sha. Jaririn da gwaji ya tabbatar yana da HIV, a dakata, a fara masa magani, sai ya samu lafiya kuma gwajin garkuwa na CD4 ya wuce kashi 25 cikin 100 sannan a yi. Wanda ke nuna alamu kuwa, a jinkirta allurar a gaggauta gwaji. Alamun su ne rashin ƙaruwar nauyi ko ramewa, farin abu a baki da harshe wanda ba ya jin magani, kaluluwa a wurare da yawa, kumburin hanta ko saifa, ciwon huhu mai tsanani, gudawar da ta ƙi tsayawa. Bakwainin da ya wuce mako 31 a ciki, da jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, su ma ana yi masu idan jikinsu ya daidaita, in an makara ranar sallama.

Akwai gaskiyar da ya kamata takardar ta faɗa ba ɓoyo. Jaririn da ya ɗauki HIV yawanci ba ya nuna komai ranar haihuwa: ga shi ɓul-ɓul, yana kama nono, yana kuka da ƙarfi. Don haka a ƙarƙashin wannan ƙa'ida wasu 'yan kaɗan masu cutar za su sha allurar, babu makawa. An yarda da wannan kasada ne bisa sharaɗi ɗaya, cewa za a gano su da wuri a fara masu magani kafin ƙwayar BCG ta samu fili. Wanda ya yi allura ya manta da gwaji, rabin ƙa'idar ya bi. Yaro mai HIV da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya cikin uku ba ya cika shekara, rabi ba sa cika biyu, kuma mutuwar ta fi yawa a wata na biyu da na uku. Wani bincike a Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2008 ya nuna fara magani da wuri ya rage mutuwar jarirai da kashi 76 cikin 100.

Gwajin da kansa yana rikita mutane. Ɗan tsinken gwaji na minti goma sha biyar da ake yi wa manya garkuwar jiki yake gani, jariri kuma da garkuwar uwarsa ake haifarsa, tana iya zama a jininsa har wata 18. In aka gwada shi da tsinke zai nuna akwai, alhali abin da ya nuna kawai shi ne uwarsa na da cutar. Duk ma'aikacin da ya hana lamba saboda wannan sakamako ya yi kuskure. Abin da ke tabbatarwa shi ne gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar kanta, ta ɗigon jinin dunduniya a kan takarda ta musamman, ko ta GeneXpert, injin da aka fi sani da gwajin tarin fuka, inda aka tanadi kayan gwajin jarirai. Ana yinsa a mako shida, daidai da ranar allurar Penta (rigakafin cututtuka biyar) ta farko, a sake dubawa a wata tara, na ƙarshe kuma a wata 18 ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya. Gwajin ranar haihuwa yana da amfani musamman ga jaririn da haɗarinsa ya yi yawa: uwar da ba ta cika mako huɗu kan magani ba ta haihu, ko wadda ƙwayar cutar a jininta ta haura 1,000 a kowane mililita gab da haihuwa, ko wadda ta kamu tana da ciki, ko wadda sai a gadon naƙuda aka gano. Amma wannan gwaji waɗanda suka ɗauka tun a ciki kawai yake kamawa. Wanda ya ɗauka wajen haihuwa zai nuna babu, don haka ko ya fito da kyau dole a koma a mako shida.

Shin a jira sakamakon ranar haihuwa kafin a yi lamba? A ganinmu ya danganta da inda injin yake. Idan yana cikin asibitin, sakamako zai fito kafin a sallami maijego, babu hikima a yi allurar sannan a karanta takarda bayan awa uku. Idan kuwa jinin tafiya zai yi, sai an haɗa na mako, sai an samu mai babur, sai takarda ta dawo, to a yi allurar. Jira a ƙasarmu ba shi da tabbas. Maijego in ta shiga ɗaki sai ta yi arba'in. Mai haihuwar fari goyon ciki ta zo gidan iyayenta, da ta gama wanka za ta koma garin mijinta, wataƙila wata ƙaramar hukuma, wataƙila ma ƙetaren iyaka ta Jibiya ko Kwangwalam. A Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, rashin tsaro na iya tayar da ƙauye cikin dare ɗaya. Jaririn da aka ce a dawo da shi, sau da yawa ganin ƙarshe ke nan.

Wani zai ce ai Katsina na cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci. Haka ne, binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 0.3 cikin 100 a nan, alhali na ƙasa baki ɗaya 1.4 ne. Wannan ƙarancin shi ne ma dalilin rubuta ƙa'ida, domin ma'aikacin ƙaramin asibiti na iya yin watanni bai gamu da irin wannan jariri ba, ranar da ya gamu kuma babu wanda zai tambaya.

Tambaya ɗaya ce ke canza hukunci gaba ɗaya, kuma ita aka fi mantawa: uwar tana tari? Tana zazzaɓi, ko gumin dare, ko ramewa? Mace mai HIV da ta amsa e ga ko ɗaya, a karɓi kakinta a kai GeneXpert, wanda ke ba da amsa cikin kamar awa biyu. Idan an tabbatar tana da tarin fuka na huhu, ba a yi wa jaririn lamba ranar. Likita zai fara duba ko shi ma ya kamu. In bai kamu ba, a ba shi aisoniyazid, maganin tarin fuka da zai kare shi, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyinsa, kullum har wata shida, ana ƙara yawan maganin yayin da nauyinsa ke ƙaruwa. Bayan ya gama da mako biyu, idan yana lafiya kuma ba shi da HIV, sai a yi masa BCG. Dalili a fili yake: aisoniyazid yana kashe ƙwayar BCG, in aka haɗa su an zubar da allurar a banza. Akwai gajeren tsari na wata uku da ke haɗe da rifamfisin, amma rifamfisin yana rage ƙarfin nebirafin, maganin kariya daga HIV da jaririn ke sha, don haka ga wannan yaro na wata shida ya fi dacewa. Nono ba a dakatar da shi, tarin fuka ta numfashi yake bi. Abin da za a gyara shi ne ɗakin: ɗakin jego a rufe ruf, labule a sake, ga garwashi, ga 'yan barka sun cika shi har ranar suna. A buɗe taga, uwa ta rufe hanci da baki lokacin shayarwa, a kuma duba sauran yaran gidan 'yan ƙasa da shekara biyar.

Sai batun kwalba, wanda ya shafi kowane jariri amma ya fi cutar da waɗannan. Kwalbar BCG ta mutum ashirin ce, garin magani ne da ake haɗawa da ruwansa, kuma da zarar an haɗa awa shida kawai take da shi, ko ƙarshen zaman rigakafi, duk wanda ya riga zuwa. Saboda haka ma'aikaci kan ƙi buɗe ta don jariri biyu ko uku, yana tsoron a tuhume shi da ɓarna, sai a ware rana ɗaya a mako ko ma a wata. Matsayar 2018 ta ce a buɗe ko da ragowar za ta lalace. Muna roƙon a rubuta wannan a hukumance, a kuma daina auna ma'aikaci da yawan ragowar da ya zubar. Matuƙar mai duba aiki yana ƙirga kwalabe, ba za a buɗe ba, komai yawan bita. Ɗakin haihuwar da ke aiki dare da rana ya kamata ya samu lamba kowace safiya, har Asabar da Lahadi, tare da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta da ake so a yi cikin awa 24.

Yadda ake yin allurar shi ma ya shiga takardar, domin wasu daga cikin ƙurji da kaluluwar da ake ɗora wa HIV daga hannun mai allura suke. Maganin yana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ya son haske, shi ya sa kwalbarsa take da duhu. Ruwan haɗi dole ya zama na kamfanin da ya yi maganin, a sanyaya shi tare da kwalbar kafin haɗawa, kada ya daskare, kada kuma a maye gurbinsa da ruwan allura na kemis. A duba tambarin zafi: idan murabba'in ciki ya yi duhu daidai da da'irar da ke kewaye da shi ko ya fi ta, kwalbar ta tashi aiki. Bayan haɗawa a rubuta lokaci a jikinta, a soke ta a soson akwatin sanyi, ba a bar ta kan tebur ba. Adadi ga ɗan ƙasa da shekara ɗaya mililita 0.05 ne, da sirinjinsa na musamman mai kulle kansa. Mililita 0.1 na wanda ya wuce shekara ne, kuma ba wa jariri shi ninka magani ne.

Wurin allura damtsen hagu ne ta waje, ƙasa da kafaɗa. In aka hau can kan kafaɗa tabon na iya tashi ya yi tudu. Fata in da datti a goge da ruwa mai tsabta, ban da sifirit. A ja fatar da yatsu biyu, a kwantar da allurar kusan daidai da fata, bakinta na kallon sama, a shigar da kanta kawai, kamar milimita biyu, har ana hango ta ta cikin fata. A tura a hankali. Hannu zai ji tauri, kuma wani ɗan farin tudu zai taso mai ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Idan maganin ya shige salin-alin babu tudu, an zarce ƙarƙashin fata, kuma daga nan ne ƙurji mai mugunya da kaluluwar hammata ke fitowa. In hakan ta faru ba a ƙara wata, a rubuta, a sa ido. Kada a murza wurin.

Uwa kuma a gaya mata abin da za ta gani, don kada ta firgita ko kakar yaro ta ɗauki mataki. Tudun yana ɓacewa ranar. Bayan mako biyu zuwa huɗu ɗan ƙurji ja zai fito, ya fashe ya yi ɗan gyambo mai ruwa, ya warke da kansa cikin watanni kaɗan ya bar tabo. Ba a matsa shi, ba a gasa shi da ruwan zafin wanka, ba a shafa man zafi ko toka ko a barbaɗa garin kafso. Kusan yaro ɗaya cikin goma ba ya yin tabo, kuma ba a sake masa allura saboda haka. 'Yar kaluluwa ƙarama a hammatar hagu wadda ba ta ciwo takan tafi da kanta.

Abin da ke buƙatar asibiti shi ne kaluluwar da ta wuce santimita ɗaya da rabi, ko ta yi ja ta yi laushi, ko gyambon da ke ƙara faɗi, ko kumburi a wani wuri nesa da hannun da aka yi wa allura, ko zazzaɓi da ramewa da kumburin ciki, ko yaro ya daina motsa hannu ko ƙafa. Duk yaron da ya zo da irin wannan a gwada shi HIV ranar, ko da an ce uwarsa ta yi gwaji lokacin awo, domin mace na iya kamuwa bayan gwajin. Kaluluwar da ta tara ruwa da allura likita ke zuƙe ta. Tsagawa takan bar rami mai yoyo na watanni, balle a kai wa wanzami. Likitocinmu kuma su tuna abu uku. GeneXpert ba ya rarrabe ƙwayar BCG da ta tarin fuka, duka biyun zai ce akwai. Ƙwayar BCG ba ta jin firazinamaid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, ko kaɗan, don haka tsarin maganin tarin fuka na yau da kullum bai wadatar ba idan ta bazu, ana buƙatar ƙwararren likitan yara da magani mai tsawo. Sannan rifamfisin yana taɓa magungunan HIV na yara, har da dolutegrabir, sai an gyara adadi.

Akwai kuma kumburin da ke zuwa bayan an fara wa yaro maganin HIV, yawanci cikin wata uku na farko: tsohon wurin lamba ya sake tashi, hammata ta kumbura. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta far wa ƙwayar da ta tarar. Iyaye kan ce maganin ne bai karɓe shi ba, su ajiye. Ba a dakatar da maganin HIV saboda wannan. In an faɗa wa uwa tun ranar farko, ba za ta ajiye ba. Duk irin waɗannan a cike masu takardar rahoton illar rigakafi a miƙa wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, kuma kada a mai da rahoton hujjar hukunta wanda ya cike shi.

Yanzu ga inda aikin ke tsinkewa. Mai rigakafi yana da rajistarsa, mai kula da mata masu HIV tana da tata, mai tarin fuka yana can wani ɗaki, kowa da hukumar da yake kai wa rahoto. Jariri ɗaya ne, amma babu takarda ɗaya da ke nuna an yi masa lamba, an ba shi nebirafin cikin awa 72, za a fara masa Septrin, maganin kariya daga ciwon huhu da wasu cututtuka, a mako shida, an ɗauki jininsa, sakamako ya dawo. Nebirafin ɗin ma a rubuta adadinsa a bango: mililita ɗaya kullum ga mai kilo biyu zuwa ƙasa da biyu da rabi, mililita ɗaya da rabi ga wanda ya kai biyu da rabi, har mako shida, wanda haɗarinsa ya yi yawa kuma a haɗa masa da wani maganin HIV, zidobudin, a tsawaita zuwa mako goma sha biyu. Muna neman a sa ranar mako shida ta zama zuwa ɗaya: Penta, ɗaukar jini, Septrin, awon nauyi, duba wurin lamba, duk a zama guda. A kuma naɗa mutum ɗaya a kowane asibiti da alhakin bin sakamako ya rataya a wuyansa, da katin waya a hannunsa. Sakamakon da ya nuna yaro na da cutar kada ya kwana a aljihun tebur yana jiran uwa ta dawo da kanta.

Duk wannan sai an yi shi da rufin asiri, in ba haka ba matan za su guje mu. Katin rigakafi ba uwa kaɗai ke riƙe shi ba, kaka ce ke kawo yaro, ko kishiya, ko 'yar maƙwabta. Kada a rubuta sunan cutar a kansa, a yi amfani da alamar da ma'aikata kawai suka sani, iri ɗaya a duk jihar. Kada a yi wa mace tambaya a kan benci gaban mata arba'in. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta haramta tona asirin mutum ba da yardarsa ba. Hana lamba ma kansa tonon asiri ne: a gidan da kowane yaro ke da tabo a damtse, wanda aka mayar ba allura dole a tambayi dalili. Ga 'yan kaɗan da ƙa'ida ta ce a jinkirta masu, a koya wa ma'aikaci ya ce likita ne ya ce sai yaro ya ƙara ƙwari, kada ya ƙara komai a kai.

Har yanzu mafi yawan matanmu a gida suke haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma masu haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba. Ungozoma da wanzami da mai unguwa da limamin da ke raɗa suna sun riga mu sanin an yi haihuwa. A nemi Masarautun Katsina da Daura su umarci hakimai da dagatai a riƙa kai sunan kowane sabon jariri asibiti mafi kusa kafin ranar suna, kamar yadda aka yi aiki da su a yaƙi da shan inna. Idan jaririn ya iso, a yi wa uwa tayin gwaji a keɓe, musamman wadda ba ta yi awo ba. Amma kada a mai da gwajin sharaɗin allura. Wadda ta ce sai ta shawarci maigida, a yi wa ɗanta lamba, a sake yi mata tayin a mako shida.

A ƙasan takardar a sa lambar kyauta ta shirin tarin fuka na ƙasa, 3340, da lambar wani likitan yara da za a ware a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Turai Umaru 'Yar'aduwa da manyan asibitocin Daura da Funtuwa, wanda ma'aikacin ƙauye zai iya kira yana tsaye da jariri a gabansa. Muna kuma roƙon a haɗa masu rigakafi da ungozomomin asibiti da masu kula da HIV da masu tarin fuka a bita ɗaya, aji ɗaya, kowa ya gwada allurar cikin fata da hannunsa a gaban mai koyarwa kafin a sa masa hannu a takardar shaida. Idan ana buƙatar daftarin shafin da Hausa, a shirye muke mu kawo.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan rigakafi, ungozomomi da likitocin yara,
Katsina da Daura.